Rasuwar Don Fano Claxton, Muryar Boyeros, da Roƙonmu Kan Ɗansa Leoncio

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Sharhin Wasanni ta Yankin Gabas, reshen Puerto Almendro, ta samu labarin rasuwar ubanmu, malaminmu, tsohon shugabanmu, kuma ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa wannan ƙungiya, Mai Girma Don Epifanio Claxton Zorrilla, wanda yaro da babba suka fi sani da Don Fano, mutumin da ya shafe shekara arba'in da biyar yana kawo wa jama'a wasannin besbol, wato ƙwallon da ake jefawa a buga da sanda, na kulob ɗin Boyeros kai tsaye daga gidan Rediyo Almendro. Allah ya yi masa rasuwa da safiyar jiya Talata a asibitin garin nan, yana da shekara saba'in da biyar, bayan doguwar jinyar ciwon maƙogwaro, matarsa da 'yarsa suna zaune a gefensa.

A madadin Shugabar Ƙungiya, Mai Girma Doña Casilda Mejía Olivo, da majalisar dattawa, da ɗaukacin membobi, muna miƙa ta'aziyya ga uwarmu Doña Herminia Rijo de Claxton, wadda ta yi zaman aure da marigayin kusan shekara hamsin. Da 'yarsa Malama Yocasta Claxton Rijo, shugabar makarantar firamare ta unguwar tashar jirgi. Da ɗansa Leoncio Claxton Rijo, mazaunin Paterson a ƙasar Amurka, da iyalinsa. Da shugabanni da 'yan wasan Boyeros na da da na yanzu. Da ma'aikatan Rediyo Almendro. Haka kuma muna ta'aziyya ga masu yankan rake, da masunta, da 'yan acaba, da matan da ke guga da wanki rediyo na rataye a taga, domin su ne ainihin mutanen da ya yi wa aiki, kuma su ma jiya sun yi rashi.

An haifi marigayin a unguwar ma'aikatan injin rake, a gidan Mista Josiah Claxton, wanda ya zo daga tsibirin Nevis yana saurayi ya ƙare rayuwarsa yana zuba wa jirgin ƙasa mai jigilar rake wuta. Tun Don Fano yana ƙarami amalanken shanu ya taka masa ƙafar hagu, ya bar shi da ɗingishin da ya shiga kabari da shi, saboda haka bai taɓa buga wasan da ya sadaukar wa rayuwarsa ba, ko sau ɗaya. Aikinsa na farko a motar shela ne, ta wani ɗan kasuwa mai suna Don Plinio, yana zagaya unguwanni da lasifika yana sanar da rasuwa, da rangwamen takalma, da awakin da suka ɓata. Wata Lahadi ya faka motar a bayan katangar filin wasa, ya hau saman rufinta domin ya leƙa, sai baki ya ƙi yin shiru. Ya jawo makirfo ya fara faɗin abin da idonsa ke gani, har mutanen da suka biya kuɗin shiga suka riƙa juya wa fili baya suna neman inda muryar ke fitowa. Kafin a tashi batirin motar ya mutu, sai da aka turo ta gida. Tsofaffin garin nan har yau suna maimaita abin da Don Plinio ya ce masa a ƙofar gareji: "Na ɗauke ka ka sanar da matattu, ka je ka kashe min batir? To, zagaya gari da ƙafa ka sanar da mutuwar aikinka." Washegari marigayiya Doña Ercilia, mai gidan Rediyo Almendro, wadda ta ji komai daga barandarta, ta aika aka kira shi. "Yaro, kai ne mai ihun jiya?" Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. Ta ce, "Ka hana ni barcin rana. Tunda ba za ka daina ba, zo ka riƙa yi a inda za a biya ka."

Daga wannan rana har ranar da ya ajiye aiki, babu kakar wasa ɗaya da ta wuce Boyeros ba muryarsa a kai. Ya bi su a motocin haya masu yoyo, ya yi sharhi daga saman rumfar kwano rana na dukan ƙeyarsa, ya taɓa kawo rabin wasa ta wayar wani kantin magani lokacin da layin fili ya tsinke, yana leƙe ta taga. Bai yi karatu mai nisa ba, amma duk wanda ya koyi aikin nan a yankinmu a hannunsa ya koya, ciki har da Shugabarmu ta yau, wadda shi ya fara miƙa wa makirfo a lokacin da maza ke cewa ɗakin sharhi ba wurin mace ba ne. Abin da yake fara gaya wa sabon ɗalibi shi ne ya rufe ido. "Mutumin da ke tsakiyar gonar rake ba ya ganin komai. Kai ne idonsa. Gaya masa inda iska ta dosa. Gaya masa mai jifa yana share gumi, ya kuma share, domin ya san tsoro ya shige shi. In ka ce masa 'ya buga' kawai, ka cuce shi."

Yana da kalamansa, waɗanda suka fita daga rediyo suka shiga bakin jama'a. In mai bugu ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, sai ka ji ya ja murya: "Ta tafi gaida kakarta, kada a jira ta cin abinci!" In alƙalin wasa ya yi hukuncin da bai gamsu da shi ba, ba ya zagi, sai dai ya ce, "Jama'a, a taimaka wa bawan Allah da tabarau." In kuwa mai tsaron fili ya saki ƙwallon da ya kamata ya cafke, kalma uku yake faɗa: "Kwando ya huje." 'Yan wasa sun fi tsoron waɗannan kalmomi uku fiye da tarar kulob. Mai sa hannu a wannan sanarwa ya zauna kusa da shi shekara talatin yana karanta tallace-tallace tsakanin jifa da jifa, kuma bai tsira ba shi ma. "Aurelio, yi sauri ka sayar da sabulunka, ga mutum can zai ruga," haka yake cewa duniya na ji, sannan ya zungure ni da gwiwar hannu ya janye min kofin gahawata.

Abin da ya ɗaga shi sama da sauranmu shi ne ba ya yi wa mai sauraro ƙarya. Yana son Boyeros kamar ransa, amma in ɗan Boyeros ya yi kuskure sai ya faɗa. Wani tsohon shugaban kulob ya taɓa hawowa ɗakin sharhi a fusace, ya ce a riƙa rufa wa yaransa asiri tunda shi ke biyan lokacin rediyo. Don Fano ya tashi tsaye ya cire hula, ya ce, "Ranka ya daɗe, lokacin rediyo ka saya, kuma ga shi nan ana ba ka. Idona ba na sayarwa ba ne." Sau biyu manyan gidajen rediyo na Santo Domingo, babban birnin ƙasarmu, suka neme shi, sau ɗaya kuma aka yi masa tayin zuwa Amurka ya riƙa sharhi da yarenmu ga 'yan ƙasarmu da ke can. Duk ya ƙi. Da muka matsa masa ya ce, "A can wa zan gani in ce wannan jikan wance ne mai suyar kifi a bakin gada? Ni in ban san uwar ɗan wasa ba, bakina ba ya daɗi."

Ba al'adar sanarwa irin wannan ba ce ta shiga cikin gidan mamaci, kuma ba mu yi niyyar shiga ba. Doña Herminia ce da kanta ta kira mu jiya da yamma ta ce, "Ku rubuta. Gari ya shekara ashirin yana faɗa a bayana, gara a faɗa sau ɗaya a gabana a gama." Da izininta, da izinin 'ya'yanta biyu, muke faɗin abin da ke tafe, domin akwai roƙon da za mu yi wa jama'a, kuma ba zai yi ma'ana ba sai an tuna asalinsa.

Leoncio, ɗansu namiji tilo, ya taso da ƙafar da mahaifinsa ya rasa. Yaro ne mai gudu, mai hannu, kuma Boyeros ta ɗauke shi mai tsaron bayan fili ta hagu ba domin sunan ubansa ba. Shekara huɗu ya yi yana wasa, kuma a cikinsu ba a taɓa jin Don Fano ya ce "ɗana" a rediyo ba. "Claxton" yake kiransa, kamar kowa. Sai dai mu da ke zaune a gefensa mun san duk lokacin da ƙwallo ta nufi hagu, ƙafarsa mai lafiyar takan fara bugun ƙasa a ƙarƙashin tebur.

A kakar 1996 Boyeros ta kai wasan ƙarshe na gasar yankinmu, abin da rabin mutanen garin nan ba su taɓa gani ba tun haihuwarsu. A filin abokan hamayya aka buga, a Los Hatillos, da yammacin Lahadi, kuma babu talabijin. Waɗanda suka samu mota suka bi ba su da yawa. Sauran gari kaf, daga kasuwa har asibiti, kunne suka kasa wa rediyo, saboda haka abin da Don Fano ya faɗa shi ne abin da Puerto Almendro ta gani. An zo zagaye na ƙarshe mun fi su da ci ɗaya. Saura mutum ɗaya a fitar musu a tashi, amma suna da mutum biyu a kan tasha suna jiran damar rugawa gida. Mai bugunsu ya ɗaga ƙwallo sama can, ta nufi hagu. In an cafke ta kafin ta taɓa ƙasa, kofi namu ne. In ta faɗi, mutum biyun su shigo, kofi nasu.

Ga abin da ya fito daga rediyo, kuma babu ɗan garin nan mai furfura da bai haddace shi ba: "Ta yi sama, ta yi sama sosai. Claxton na ƙarƙashinta. Claxton ya ɗaga hannu, yana jira, jama'a ku tashi tsaye, Claxton yana jira..." Sannan, da wata murya ƙasa-ƙasa da ba mu san shi da ita ba: "Kwando ya huje."

Rana ce ta shiga idon yaron. Ƙwallon ta daki bakin safar hannunsa ta gangara. Don Fano ya ci gaba da aiki. Ya faɗi shigowar mutum na farko, ya faɗi na biyu, ya faɗi sakamako, ya taya Los Hatillos murna da sunan kowane ɗan wasansu, ya yi wa masu sauraro sallama kamar kullum. Sai da aka kashe makirfo na ga ya tashi ya fita ya bar hularsa a kan tebur.

Kafin motar 'yan wasa ta iso gari, sunan ya riga ta isowa. Leoncio Claxton ya zama Kwando. Yara suka bi shi da shi a titi. 'Yan acaba a mahaɗa sukan ɗaga masa murya: "Kwando, zo in kai ka, amma riƙe ni da kyau!" A kantin unguwa wani ya ce wa mai kanti, "Kada ka ba shi ƙwai, sai dai a aiko ƙanwarsa." Masu buga domino suka mayar da shi abin ba'a duk sanda wani ya saki ɗan domino ya faɗi ƙasa. Wasu da wasa suke yi, wasu da zafin rai, amma ga wanda ake yi wa duk ɗaya ne. Kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ba maƙiyi ne ya raɗa masa sunan ba.

Doña Herminia ta ba mu labarin abin da ya faru a teburin abinci bayan 'yan kwanaki, shinkafa da wake suna hucewa ba wanda ya taɓa. Leoncio ya ce, "Baba, duk filin nan kai kaɗai ne mai makirfo. Da ka ce ta faɗi, ya isa. Da ma ka yi shiru." Uban ya ce, "Na faɗa wa 'ya'yan mutane wannan kalma shekara talatin. Da ɗan wani ne, ita zan faɗa." Leoncio ya ce, "Ai ni ba ɗan wani ba ne." Ya tashi ya fita. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da suka yi baki da baki. Bai sake saka rigar Boyeros ba, kuma kafin shekara ta zagayo ya bar ƙasar. A Paterson ya zama direban babbar mota, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, ya riƙe mahaifiyarsa da ƙanwarsa da waya da aike ba fashi, amma bai sake tako ƙasar nan ba.

Masu sauraro sun lura, ko da yake ba wanda ya yi sanarwa, cewa daga wannan Lahadi Don Fano bai ƙara furta kalmomin nan uku ba har ya bar aiki. In ƙwallo ta faɗi wa wani, sai ya ce, "Ta kuɓuce masa," ya ƙara da dalili: iska ce, ko rana, ko santsin ciyawa. Amma bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Sau ɗaya tak ya taɓo maganar, muna dawowa daga wani wasan waje a kujerar baya ta mota, yana kallon gonakin rake. Ya ce, "Aurelio, gaskiya na faɗa. Sai dai ana iya faɗin ta da kalmomi iri-iri, ni kuma bakina ya ɗauko wadda ya saba." Na ce to ya kira yaron ya gaya masa haka mana. Ya ce, "Kai dai sayar da sabulunka."

Kowace Kirsimeti Leoncio yakan kira mahaifiyarsa, ita kuma takan miƙa wa mijinta wayar. Shi ya ce, "Ke ya kira, ba ni ba." Ta mayar kunne, ɗan ya ce, "Mama, in yana so ai ya san inda wayar take." Ta ce mana ta sha ajiye wayar a kan tebur tsakaninta da mijin, ta tafi kicin tana faɗa da tukwane: "Ya Ubangiji, mata na samun jaki ɗaya su yi kuka, ni ka ba ni biyu." Ta ce takan leƙo ta ga tsohon ya karkato da kunne wajen wayar yana sauraren hayaniyar jikokinsa daga nesa, amma hannunsa na kan gwiwa. Haka shekaru suka yi ta wucewa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Ko shekarar da Boyeros ta ci kofin a ƙarshe, wadda shi ya kawo ta da muryarsa gari ya kwana yana rawa, bai bi mu wajen biki ba. Gida ya koma ya zauna a baranda.

Shekara biyar da suka wuce muryarsa ta fara dishewa. Ya ɗauka mura ce, ya yi ta shan zuma da lemun tsami, har ranar da ya kasa ƙarasa wasa ya tura wa ɗalibinsa makirfo ya sauka daga ɗakin sharhi yana riƙe da bango. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma a ƙarshen bara ba yadda suka iya sai da suka cire masa maƙogwaron murya. Malama Yocasta ce ta kira yayanta daga harabar asibiti. Ta ce mana ba ta gaishe shi ba ma. "Leoncio, in jira kake ya fara magana, to ka daina jira. An cire abin da zai yi maganar da shi."

Bayan 'yan makonni Leoncio ya kira ta wayar bidiyo, ta riƙe wa mahaifinsu a gaban fuska. Shekara ashirin rabon da su ga juna. Ɗan ya ce, "Baba, ka rame." Ya jawo 'ya'yansa ya nuna masa su ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunayensu, ya ba shi labarin motarsa da sanyin ƙasar, ya yi ta surutu kamar mai tsoron shiru. Tsohon ya zuba masa ido. Can sai ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya motsa leɓe ya faɗi wani abu, ya sake maimaitawa a hankali. Ba sauti. Leoncio ya ce, "Me ya ce? Yocasta, me ya ce?" Aka miƙa masa takarda da biro, ya ture, domin shi a ganinsa abin da za a faɗa da baki ba a rubuta shi. Doña Herminia ta rantse cewa ya yi, "Zo gida." Malama Yocasta kuwa ta ce ita abin da ta gani shi ne, "Ka yi furfura." Har yau ba su daidaita ba, kuma wanda zai raba musu gardamar ya tafi.

Leoncio ya nemi hutu a wurin aiki, aka ba shi ƙarshen wannan wata, ya yanki tikiti. Don Fano ya sani, ya sa an yi masa aski, ya sa an ɗauko masa farar rigarsa ta zuwa coci an goge. Bai kai ƙarshen watan ba. Wannan ne takaicin da ya fi kowanne yi mana nauyi a wannan rashi: mutumin da ya yi wa yanki guda magana shekara arba'in da biyar, da ɗan da ya fi kowa buƙatar jin sa, sun yi saɓani da makonni biyu kacal.

Ga roƙonmu. Leoncio Claxton zai sauka ranar Juma'a tare da matarsa da 'ya'yansa, kuma saboda shi iyali suka ɗage jana'iza zuwa Asabar. Ƙungiya tana roƙon kowane ɗan Puerto Almendro, babba da yaro, mai wasa da mai gaske, wanda ke mahaɗa da wanda ke kanti, da ya bar wancan suna a gida. Mutumin da zai zo magidanci ne da ya zo binne mahaifinsa, 'ya'yansa kuma za su ga garin ubansu karon farko, kuma abin da suka ji a titi shi za su tafi da shi. Iyaye su ja wa yara kunne. Shugabannin 'yan acaba sun yi mana alkawari, muna kuma gode musu. Mun yi wa Leoncio tayin a ɗauko shi daga filin jirgi a shigo da shi ta hanyar bayan gari, ya zauna a cikin mota har maƙabarta. Ya ƙi. Ya ce, "Don Aurelio, ta kasuwa zan bi, da ƙafa. Ni zan riƙe gaban akwatin gawar. Ku gaya musu su kalle ni da kyau." Mun gaya muku. Saura ya ga irin garin da ya haife shi.

Za a ajiye gawar marigayin a filin wasan Boyeros daga safiyar Asabar domin jama'a su yi bankwana da shi, sannan a wuce da shi cocin Episkofal na unguwar injin rake, inda aka yi masa baftisma, kafin a kai shi makwancinsa kusa da iyayensa. Za a yi addu'ar kwana tara a gidansa kamar yadda aka saba. Dukkan membobin ƙungiya za su ɗaura baƙin ƙyalle har ƙarshen kakar bana, kuma a wasan farko da za a buga bayan jana'iza, kowane gidan rediyo na yankin zai bar jifa ta farko ta wuce ba sharhi.

Muna addu'ar Allah Maɗaukaki ya ji ƙan Don Epifanio Claxton Zorrilla, ya yafe masa kurakuransa, ya karɓi hidimarsa, ya ba shi hutu na har abada. Allah ya ƙarfafa zuciyar Doña Herminia, wadda ta tsaya tsakanin mutum biyu da take ƙauna har ƙarfinta ya kusa ƙarewa. Allah ya saka wa Malama Yocasta da alheri bisa jinyar da ta yi ba gajiya. Allah ya kawo Leoncio da iyalinsa lafiya, ya sanyaya masa abin da ba wanda zai iya sanyaya masa sai shi. Allah ya ba mu duka haƙurin jure wannan babban rashi. Amin.

A ƙarshe, akwai wata 'yar buƙata daga iyali. Jikokin marigayin biyu, Marisela da Josué, ba su taɓa jin muryar kakansu ba. Mun bincika a Rediyo Almendro, sai muka tarar ambaliya ta cinye tsofaffin kaset-kaset ɗin, na baya kuma an yi ta naɗar wasu shirye-shirye a kansu, domin ba wanda ya taɓa zaton muryar da ake ji kowace rana tana buƙatar ajiya. Abin da ya rage a gidan rediyon gaba ɗaya shi ne wata gajeriyar sanarwa da ya karanta ta ɗage wasa saboda ruwan sama. Duk wanda yake da tsohon kaset a ƙasan akwati, ko na rabin wasa ne, ko sautinsa ba ya fita sosai, ko wasan da aka ci mu ne, muna roƙonsa ya kawo ofishin ƙungiya kafin Juma'a. Za mu kwafa mu mayar masa da abinsa. Yaran nan biyu suna son su ji.

Sa hannu:

Aurelio Sabino Berroa
Kakakin Ƙungiyar Masu Sharhin Wasanni ta Yankin Gabas,
Reshen Puerto Almendro
Laraba, 16 ga Maris, 2016